Kafin ka sake kunna kwamfutar nan, ka ajiye abin da ta faɗa

Na gaji da jin "Oga, ta rubuta wasu abubuwa da yawa sai ta tsaya." In na tambaya me ta rubuta, sai yaro ya ce ai ya riga ya kashe ta ya kunna har sau uku. Kwamfuta mai Linux ba ta tashi shiru. Tun daga sakan na farko tana ba da labarin kanta layi bayan layi, kuma a cikin layukan nan ciwonta yake. Masu koyon gyara dai ba su iya kama su ba ne.

Kuskuren da ya fi cin kuɗina shi ne dogaro da dmesg bayan an sake kunnawa. Umarnin dmesg yana karanto saƙonnin kanel, wato zuciyar Linux mai magana da kayan na'ura, daga wani ɗan wuri a cikin RAM. Wurin ƙarami ne, idan ya cika sabo ya danne tsoho, da zarar wuta ta ɗauke kuma komai ya tafi. Abin da kake gani bayan ka sake kunnawa labarin wannan tashin ne kawai, ba na wanda ya mutu ba.

Akwai wata saba (server, kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) da na taɓa kula da ita a wani ƙaramin ofis. Duk bayan kwana uku ko huɗu sai ta sandare. In je, in danna maɓalli, in duba dmesg, in ga komai tas. Na canza RAM da kuɗina, na canza akwatin wutarta, mako uku ina zarya a kan babur, mai ofishin har ya fara yi mini kallon wanda bai san aikinsa ba. Ashe jakar /var/log/journal ce babu a na'urar. Tsarin systemd, wanda sashensa journald ke ajiye waɗannan saƙonni, idan an bar shi a Storage=auto kuma bai ga wannan jakar ba, sai ya riƙa rubutu a /run/log/journal, wanda shi ma a RAM yake. Ranar da na buɗe /etc/systemd/journald.conf na mayar da shi Storage=persistent, na jira ta sake sandarewa, na buga journalctl -b -1, mai nuna labarin tashin da ya gabata, sai ga kukan ata1, wato tashar faifai, jere tun awa biyu kafin ta mutu. Wayar SATA, mai haɗa faifai da allon kwamfuta, ce ta saki. Waya! Abin da ko kuɗin man zuwa ɗaya bai kai ba. Tun daga ranar duk na'urar da ta shigo hannuna, kafin in taɓa komai sai na buga journalctl --list-boots. Idan layi ɗaya na gani, na san babu tarihi, sai in gyara wannan tukuna.

Sai masu barin tambari ya rufe musu ido. A Ubuntu kalmomin quiet splash ne suke ɓoye saƙonnin. Danna Esc lokacin da tambarin yake juyawa. Ko kuma a allon GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa kafin Linux ta tashi, ka danna e, ka goge kalmomin biyu, ka danna Ctrl da X. Wannan na tashi ɗaya ne. Kada ka je ka gyara /etc/default/grub ka manta da update-grub, sannan ka zo kana cewa bai yi aiki ba.

Hoto ɗaya na ƙasan allo ba ya isa. Layin ƙarshe yawanci sakamako ne, dalilin yana can sama ya wuce, kuma tun kanel 5.9 na shekarar 2020 aka cire ja da baya da Shift da PgUp. Ni bidiyo nake ɗauka da wayar hannu, in jingina ta da littafi tun kafin in kunna, daga baya in bi shi a hankali.

Idan na'ura ta sandare gaba ɗaya, layukan ƙarshe sau da yawa ba sa isa faifai, ko da ka gyara journald. Nan ne ake buƙatar kwamfuta ta biyu ta saurara ta wayar siriyal. Ka ƙara console=ttyS0,115200 da console=tty0 a layin kanel, a ɗaya gefen ka buɗe screen -L /dev/ttyUSB0 115200. Wannan -L ɗin shi ne mai rubutawa a fayil, kuma shi aka fi mantawa. Idan shirme ya cika allo, saurin gefen biyu ne bai zo ɗaya ba. Idan shiru ne, duba ko TX (fil mai aikawa) ya je RX (mai karɓa), kuma ka haɗa GND (fil ɗin ƙasa).

A nan ne kuma nake so ku buɗe kunne, domin na ƙona allo da hannuna. Fil ɗin siriyal na ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi da na yawancin rauta (na'urar raba intanet) bolt 3.3 suke ɗauka. Tsohuwar tashar RS-232 mai fil tara tana iya kai wa wajen bolt 12, sama da ƙasa. Na haɗa su kai tsaye ina gaggawa, Pi ɗin ba tawa ba ce, ta wani ɗalibi ce da aikin kammala karatunsa a kai. Na biya, amma kunyar da na ji a gabansa ta fi kuɗin ciwo. Ganin filogi ya shiga ba hujja ba ce. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin adaftar, in babu rubutu ka auna da mita, in ba ka da mita ka ajiye aikin sai gobe.

Ƙananan kuma: agogon da ke nuna wata tsohuwar shekara batirin CR2032 ne ya mutu, ka canza shi kafin ka yarda da lokutan da ke cikin bayanan. Ba kowane jan layi ne ciwo ba, kuka a kan ACPI, tsarin sarrafa wutar na'ura, yakan fito a lafiyayyar na'ura ma, shi ya sa nake ajiye kwafin tashi mai kyau don kwatantawa. Kafin ka tura wa wani fayil, goge sunayen mutane da adireshin IP. Masu Windows kuma, ku kunna Boot log a msconfig, jerin direbobin da suka hau da waɗanda ba su hau ba zai fito a C:\Windows\ntbtlog.txt. Wanda kuwa ya yi fomatin kafin ya kwafe /var/log zuwa filas, kada ya kira ni, domin babu abin da ya rage da zan duba.