Tattakin asuba a Dublin: yadda za ka shiga Darkness Into Light

Idan kana zaune a Ireland, tun kafin watan Mayu za ka fara ganin sanarwar Darkness Into Light, tattakin da ƙungiyar Pieta ke shiryawa a watan Mayu don tara kuɗin taimaka wa masu tunanin kashe kansu da iyalan da suka rasa nasu ta wannan hanya. An fara shi a 2009 a Phoenix Park da mutum kusan 400. Yanzu ya bazu garuruwa da yawa, har wajen ƙasar. Kilomita biyar ne, ana tashi da ƙarfe 4:15 na asubahin Asabar, a gama gari ya waye.

Rajista a intanet ake yi. Ka zaɓi wurin da ya fi kusa da gidanka, ka biya kuɗin shiga, ka karɓi rigar tattakin mai ruwan ɗorawa. In kana son tara ƙari, buɗe shafin gudummawa ka tura a zauren WhatsApp na 'yan gida. Ka faɗi inda kuɗin zai je ƙarara: Pieta ba ta karɓar ko sisi daga wanda ya je ganin mai ba da shawara, kuma yawancin kuɗinta daga gudummawar jama'a yake zuwa. Mutanenmu sun fi sakin hannu idan sun san wannan.

Abin da ba za ka gani a takardar rajista ba shi ne batun sallah. A Mayu alfijir yana ketowa da wuri sosai a Dublin, rana kuma ta fito wajen biyar da rabi. Duba jadawalin masallacinku tun daren Juma'a. Ni da alwalata nake fita, da ƙaramar sallaya a jaka, in lokaci ya shiga in ratse gefe in yi raka'o'ina biyu a kan ciyawa. Ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza.

Kada sunan bazara ya ruɗe ka, sanyin wannan lokaci yana ratsa ƙashi. Sa rigar sanyi a ciki, ka ɗora ta tattakin a sama, ka riƙe ta ruwa da tocila. Motar haya tana wuya a wannan sa'a, don haka ku haɗa kai da mai mota tun da wuri.

Tafiyar kanta ba wahala, har da tsofaffi da masu tura yara a keke. Inda ake bukatar natsuwa shi ne baki. Za ka ga mata riƙe da hoton saurayi, za ka ga dattijo yana tafiya shi kaɗai yana share hawaye. Kada ka tambayi yadda abin ya faru. Kada kuma ka ɗauko wa'azi. Mun taso a inda ake rufe irin wannan mutuwa ruf, a ce gajeriyar rashin lafiya ce, kuma sashe na 231 na dokar Penal Code ta arewacin Najeriya ya mai da yunƙurin kashe kai laifi, shi ya sa harshenmu ke saurin yanke hukunci. Ghana ta soke irin wannan doka a 2023. A wurin tattaki, in wani ya fara ba ka labarin ɗansa, tambayi sunan yaron, ka saurara, ka ce Allah ya ba da haƙuri. Ya wadatar.

In kai ne abin ke ci a rai, ko wani ya faɗa maka yana tunanin kashe kansa, kada a jira Mayu. Layin Pieta, 1800 247 247, kyauta ne dare da rana, haka ma na Samaritans, 116 123. Sa su a wayarka kafin ka fita.