Yadda za ku warware intigiral ɗin ln x/(1+x²) daga 0 zuwa infiniti

'Yan uwa ɗaliban lissafi na Akoka da Yaba a Legas, wannan tambayar tana ba mutane wahala a jarrabawa, alhali ko a cikin danfo kana cikin go-silo za ka iya gama ta.

Da farko duba inda matsalar take, waje biyu ne: a 0 ln x yana gangarawa ƙasa ba iyaka, sannan ga infiniti, wato rashin iyaka, a sama. To ka raba shi gida biyu daidai kan 1.

Kafin komai tabbatar kowane ɓangare yana tsayawa kan adadi, nan ne da yawa ke yin gaggawa su rasa maki. Daga 0 zuwa 1 girmansa bai wuce na ln x shi kaɗai ba, wanda intigiral ɗinsa ke ba da −1, to lafiya lau.

Sai ɓangare na biyu, daga 1 zuwa infiniti, sa x = 1/u, dx ya zama −du/u², ln x ya koma −ln u, iyakokin su dawo 0 zuwa 1, u² ɗin su cinye juna, kawai sai ka ga ɓangaren farko ne ya dawo da alamar ragi. Ɗaya wajen −0.916, ɗaya +0.916.

Ka haɗa su, amsa 0.