Yadda Ake Haɗa Kayan Sauti na Tafi-da-Gidanka Don Wasan Kwaikwayo da Kuɗi Kaɗan

Wata Asabar cikin hunturu muka kai wasan faɗakarwa kan rigakafin ƙyanda wani ƙauye bayan Argungu. Mun yi hayar janareto da manyan sifikoki biyu, kuɗin da ya kusa cinye asusun ƙungiya. Fili ya cika maƙil, mata na leƙe ta saman darni. Da aka tashi sai wani dattijo ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, mun ga bakinku na motsi, mun kuma ji kukan inji. Me kuka ce ne?" Maganar nan ta hana ni barci. Wata biyu muna atisaye, saƙon bai wuce sahun gaba ba.

Daga ranar na gane kayan biki daban, kayan wasan kwaikwayo daban. Mai kiɗan biki yana son ƙasa ta girgiza. Mu kuwa so muke tsohuwar da ke can ƙarshen fili ta ji kowace kalma. Abin da zan bayyana a nan shi ne abin da muka haɗa daga baya: yana aiki da batir, mashin ɗaya na ɗaukarsa, kuma duk mai gyaran rediyo a Birnin Kebbi ko Jega ko Gusau zai iya taya ka haɗa shi.

Mataki na farko: fara da batir, ba da sifika ba

Ka manta da janareto, ka manta da jiran wutar NEPA. Nemi busasshen batir mai bolt 12, irin wanda ake sa wa na'urar riƙe wutar kwamfuta, wanda aka rubuta 18Ah a jikinsa. Nauyinsa bai wuce kilo 5 zuwa 6 ba. Batirin mota ma yana yi, amma ya ninka wannan nauyi kusan sau uku, kuma ruwansa na iya zuba a kan hanya ya cinye maka kayan wasa.

Lissafin mai sauƙi ne. Bolt 12 sau 18 ya ba da 216, wato wat 216 na tsawon awa ɗaya. Irin wannan batir ba ya son a zuƙe shi fiye da rabi, don haka abin da ke hannunka 108 ne. Idan kayanka gaba ɗaya suna jan wat 25, kana da wajen awa huɗu. Ya ishi wasa da gwaji har da jawabin mai gari. Ka sayi ɗan ƙaramin mita ka liƙa a jikin akwati: cikakken batir da ya huta yana nuna 12.6 ko 12.7, in ya sauko 12.1 ka kashe ka nemi caji.

Fiyus mai lamba 10 a kan jar waya, dab da kan batir. Wannan ba abin da ake ɗagawa zuwa gobe ba ne. Waya biyu suka haɗu cikin akwatin katako ba fiyus, gobara ce.

Mataki na biyu: amfilifaya

Amfilifaya ita ce na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa sifika. Hanyar samunta biyu ce. Ta farko, ka sayi haɗaɗɗiya irin ta masallaci ko ta masu tallar magani a mota, wadda ke da wurin ɗaura batir a baya. Kamfanonin Ahuja da TOA sun yi suna a wannan fanni, kuma ana samun na hannu. Amfaninta shi ne tana da ramukan makirufo a jikinta, tana kuma jure wahala.

Ta biyu ta fi araha da sauƙin nauyi: ɗan allon lantarki kamar tafin hannu mai ƙwaƙwalwar TPA3116D2. Ba ya zafi sosai, ba ya shan batir. Sai dai kada rubutun kwali ya ruɗe ka. Za ka ga an rubuta wat 50 sau biyu, amma wannan sai an ba shi bolt sama da 20. A kan bolt 12 abin da za ka samu tsaftatacce wajen wat 15 ne a sifika mai om 4 (lambar da ake rubutawa a jikin sifika), ko rabin haka a mai om 8. Kaɗan ne a ido, amma mataki na gaba zai nuna maka dalilin da ya sa ya isa. Abu ɗaya ka kiyaye da wannan allon: baƙar wayar sifikar hagu da ta dama kada su taɓa juna, kada kuma su taɓa baƙar wayar batir. Kowace da hanyarta. Da yawa sun ƙona allonsu a nan.

Mataki na uku: sifika, inda na fi yin gardama da abokan aiki

Samari suna raina lasifikar ƙaho, wai ta masallaci ce, ba ta da daɗin murya. Gaskiya ne ba ta da bes, wato sauti mai kauri irin na babbar ganga. Amma a buɗaɗɗen fili babu abin da ya kai ta jefa magana nesa da wuta kaɗan. Wat 8 a ƙaho ya fi wat 50 a yawancin sifikokin akwati isa nesa, domin ƙahon yana tattara sautin ya tura shi gaba. Kuma a fili sauti yana raguwa da desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti) duk lokacin da nisa ya ninka, babu bango da zai dawo maka da shi.

Abin da muka yi shi ne haɗa biyun. Gefe ɗaya na amfilifaya ya ɗauki akwati mai sifika inci 8 ko 10 don mutanen kusa, su ji murya da cikarta da kiɗan kalangu in an sa. Ɗaya gefen ya ɗauki ƙaho don mutanen nesa. Bes yana kashe ƙaho, saboda haka ka sa kafasita marar kai da gindi a kan jar wayarsa: 68µF in ƙahon om 8 ne, 33µF in om 16 ne. Wannan yana tare sauti mai kauri, ya bar magana ta wuce. Ka nuna wa mai gyaran rediyo lambar, zai liƙe maka da dalma.

Akwatin kuwa aikin kafinta ne. Filawud mai kaurin milimita 12, a sa gam a duk mahaɗa kafin ƙusa, a cusa soso ko auduga a ciki, a rufe gaba da ragar ƙarfe saboda yatsun yara. Mai walda ya yi maka bututu biyu masu shiga cikin juna da ƙafa uku, don sifika ta hau sama da kawunan mutane, kamar mita biyu da rabi. Sifika a ƙasa sahun gaba kawai take wa aiki, jikinsu ya shanye sauran.

Mataki na huɗu: makirufo da miksa

Ɗan wasa ba zai yi kokawa ko ya faɗi yana kuka da makirufo a hannu ba. Manyan 'yan wasa biyu ko uku a ba su marar waya mai maƙalawa a kunne. In kana da zaɓi ɗauki mai UHF, ka tabbata akwatin karɓarsa na aiki da bolt 12. Sauran 'yan wasa kuma a kafa musu makirufo biyu masu waya a bakin dandali, a koya musu matsowa kusa in za su yi magana. Wannan ya shiga cikin atisaye, kamar yadda ake haddace zance.

Na sha ganin makirufo mai kyau ya zama banza saboda tufafi. Rawani ya rufe shi, ko hijabi na gogarsa, sai ka ji kamar ana tafiya cikin kara. A fito da kansa waje, gefen baki, yatsa biyu daga leɓe, a sa masa ɗan soso saboda iska. A ƙungiyarmu mace ce ke ɗaura wa mata nasu, kuma tun da muka yi haka matsalar ta ragu.

Ƙaramar miksa, wato na'urar da ke haɗa sautin makirufo da na waya ta tura wa amfilifaya, ta isa. Da yawansu yanzu da cajar waya suke aiki, to ka ba ta fawa bankinta daban. In ka ja mata wuta daga batirin amfilifaya, sau da yawa wani siririn kuka yakan shiga sauti. Wayar da za ta saki kukan zakara ko tsawa, a sa ta a yanayin jirgin sama kada kira ya shigo tsakiyar wasa. Eko kuwa a kashe shi ƙurmus. Yana ƙawata waƙa, amma yana dagula magana.

Mataki na biyar: kafawa a fili

Sifikoki su kasance gaba da 'yan wasa, suna fuskantar jama'a. Muddin makirufo ya shiga gaban sifika, sautin zai riƙa zagayawa tsakaninsu har ya zama wannan ihun da ke sa yara toshe kunne. In ya fara, rage murya, rage bes, ka ja ɗan wasan baya. Ka juya ƙaho daga bangon siminti da kuma masallaci, ka tsara wasa ya tsaya lokacin kiran salla.

Wajen kunnawa, miksa da makirufo tukuna, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa, amfilifaya farko. Sannan ka tura mutum ɗaya can bayan fili, ɗan wasa ya yi magana da muryar da zai yi wasa da ita, ba "ɗaya, biyu" ba. Sai na bayan ya maimaita maka abin da aka faɗa kalma da kalma kafin ka yarda.

Batir, amfilifaya da miksa duk su zauna a akwati ɗaya mai hannu, da ramukan shan iska, domin zafin Afrilu a Kebbi yakan haura digiri 40. Kada a bar shi cikin rana. In tafiyar ta ƙetare ruwa ce, kamar ƙauyukan Yawuri da sai an shiga kwalekwale, a naɗe akwatin da leda mai kauri. Da an dawo gida a kakkaɓe ƙura da busasshen buroshi, a cire ƙananan batura daga makirufo, a sa babban batir a caji a daren, ko da faranti mai amfani da hasken rana na wat 50 da na'urar daidaita cajinsa washegari. Irin wannan batir in ya kwana biyu babu caji a cikinsa, ba ya komawa yadda yake.