Chichén Itzá, iyo a cenote da garin Valladolid a yini guda: kurakuran da aka fi yi

Tallar wannan tafiya kusan iri ɗaya ce a kowane otal na Cancún ko Playa del Carmen da ke Meziko: mota za ta ɗauke ka da sassafe, ta kai ka kufan birnin mutanen Maya na Chichén Itzá, ka yi iyo a cenote, wato ramin ruwa da ke bayyana inda rufin kogo ya rufta, ka ci abincin rana, ka leƙa garin Valladolid, a dawo da kai bayan Isha. Babu ƙarya a ciki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne daga Cancún zuwa Chichén Itzá kusan kilomita 200 ne, wato awa biyu da rabi zuwa, awa biyu da rabi dawowa, ban da zagayen kwasar fasinja otal-otal. In ka cire wannan daga yinin, ɗan abin da ya rage ne za a raba wa wurare uku. Yawancin kurakuran da mutane ke yi daga rashin lissafa wannan ragowar suke tasowa.

Na farkonsu tun kafin a shiga mota ake yin sa: a zaɓi kamfanin da ya fi araha ba tare da tambaya ba. Kuɗin shiga Chichén Itzá kashi biyu ne, ɗaya na hukumar kula da kayan tarihi ta tarayya, INAH, ɗaya na gwamnatin jihar Yucatán, kuma na baƙo ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Farashin da ka ga ya yi ƙasa sosai, sau da yawa babu wannan kuɗin a cikinsa, sai kana cikin mota a ce ka kawo. Wasu kamfanonin kuma daga kamashon shaguna suke mayar da kuɗinsu, shi ya sa za a tsaya da ku wajen awa guda a wani kantin kayan tsaraba da aka laƙaba wa sunan "ƙauyen Maya", alhali kufan da ka zo dominsa ba zai samu cikakkiyar awa biyu ba. Kafin ka biya, a rubuta maka amsar tambayoyi huɗu: kuɗin shiga na ciki? Ina za a fara zuwa? Minti nawa a kowane wuri? Mutum nawa ne a motar? Tambaya ta biyu ta fi sauran nauyi.

Dalili kuwa rana ce. Ana buɗe ƙofa ƙarfe takwas na safe, manyan bas-bas na Cancún kuma sai wajen goma da rabi zuwa sha biyu suke sauke jama'a, daidai lokacin da rana ta take. Filin da ke kewaye da babbar dalar fetal yake, inuwa sai can gefe. Kada ka ce ai kai ɗan Sakkwato ne, zafi ba baƙonka ba ne. Na Yucatán mai gumi ne, iska cike da danshi, zufa ba ta bushewa, kuma ya fi tsanani a watannin Afrilu da Mayu. Tafiyar da ta fara da kufai da sassafe, ta bi da iyo da tsakar rana, ita ce ta san abin da take yi. Wadda ta fara da kanti da abinci ta kai ku kufai ƙarfe ɗaya, ta tsara yinin ne don jin daɗin kanta. Ka riƙe ruwan sha da yawa, da malafa ko lema, da takalmin da zai jure tsakuwa.

Ga wani ɗan tarko da ke kama masu tuƙa kansu: agogo. Cancún na jihar Quintana Roo, Chichén Itzá da Valladolid na jihar Yucatán, kuma Yucatán na bayan Quintana Roo da awa guda. Tun da Meziko ta daina sauya agogo da sauyin yanayi a 2022, wannan tazarar tana nan duk shekara. Da safe riba ce, in ka bar Cancún ƙarfe shida da rabi za ka iso daidai buɗe ƙofa. Da yamma sai ka biya bashin. In jagora ya ce a haɗu a mota ƙarfe ɗaya, tambaye shi agogon wace jiha, don wayarka na iya sauya lokaci da kanta ba ka lura ba.

Ranar Lahadi kuma ka kauce mata in da hali, domin 'yan ƙasa ba sa biyan kuɗin shiga a ranar, wurin cika yake yi maƙil.

A cikin kufan, kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne mutum ya ƙarar da lokacinsa gaban dala ɗaya yana neman hoton da babu kowa a bayansa. Dalar Kukulcán, wadda Sifaniyawa suka kira El Castillo, ta cancanci kallo: tsayinta mita 30 har da ɗakin ibadar da ke samanta, kowane gefe matakala 91, in ka haɗa gefe huɗu da dandamalin sama ka samu 365, adadin kwanakin shekara. Tsaya gaban matakalar ka tafa hannu, amsa-kuwwar da za ta dawo tana kama da kukan tsuntsun quetzal. Minti goma sha biyar ya isa wannan duka. Daga nan ka wuce babban filin ƙwallo, mita 168 a tsayi, 70 a faɗi, wanda babu kamarsa a girma a duk yankin. Ɗaga kai ka ga zoben dutse can sama jikin bango, sannan ka sunkuyo ka dubi sassaƙen da ke ƙasa, inda aka zana ɗan wasa an sare masa kai, jini na fita da siffar macizai. A nan wasu jagorori ke cewa kyaftin ɗin waɗanda suka ci wasa ake yankawa don girmamawa. Labarin na da daɗin ji, amma masana ba su haɗu a kan wa ake yankawa ba, kada ka ɗauke shi kamar yankan wuƙa.

Ɓangaren da masu gaggawa ke tsallakewa shi ne na kudu, inda El Caracol yake, ginin nan mai zagaye da ake danganta shi da duban taurari, da ginin Las Monjas mai sassaƙe-sassaƙen fuskoki. A can jama'a ba su da yawa, ga itatuwa. Ta arewa kuma wata tsohuwar hanya mai tsawon kusan mita 300 za ta kai ka Cenote Sagrado, ramin ruwan da mutanen birnin ke jefa hadaya a ciki. Daga 1904 wani Ba'amurke, Edward Thompson, ya yi ta yashe shi, ya fito da zinariya da duwatsu masu daraja da ƙasusuwan mutane, akasarin kayan suka ƙare a gidan tarihi na Peabody a jami'ar Harvard. Ba a iyo a wannan, ba shi ne wanda aka yi maka alkawari ba.

Hawa dalar kuwa an hana shi shekaru da dama. A 2022 wata baƙuwa ta tsallake igiya ta hau, da ta sauko jama'a suka yi mata ihu suna watsa mata ruwa, jami'ai suka tafi da ita. Haka jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi, bar shi a otal. Inuwar macijin nan da ake gani a hotuna tana gangarowa gefen matakalar arewa, da la'asar take fitowa a kwanakin da dare da rana ke daidaita, wajen 21 ga Maris da 22 ga Satumba. Wanda ya zo a Yuli yana nemanta ya makara ko ya yi sammako.

Sai iyo. Arewacin Yucatán ƙasa ce ta dutsen farar ƙasa mai tsotse ruwa, babu koguna a sarari, ruwan duk a ƙarƙashin ƙasa yake gudana. Inda rufin kogo ya rufta ruwan ya bayyana, shi ne cenote, kuma akwai dubbansu. Wanda aka fi kai baƙi shi ne Ik Kil, 'yan kilomitoci kaɗan daga kufan. Sai ka sauka kusan mita 26 ta matakala kafin ka taɓa ruwa, zurfin ruwan kansa ya haura mita 40, kuma babu wani gefe mai tudu da za ka tsaya ƙafarka ta taɓa ƙasa. Wannan shi ne abin da wanda bai iya iyo ba ya kamata ya sani tun daga sama. Rigar hana nutsewa dole ce a can, kada girman kai ya sa ka yi gardama da mai ba da ita; ɗaure ta tamau, don in ta yi sako-sako hawowa take yi ta shaƙe wuya. Matakalar jiƙe take, santsi gare ta, silifas ɗin wanka na ka da mutane. Kafin ka yi tsalle dubi ƙasa, akwai mutane a ruwan. Ƙananan tarwaɗun da za ka ji suna gilmawa ba sa cizo. Jijiyoyin itatuwan da ke reto daga sama kuma ba igiyar lilo ba ce.

Wankan da ake sa kowa ya yi kafin shiga ba tsirfa ba ce. Ruwan cenote a haɗe yake da wanda garuruwan yankin ke amfani da shi, man kare fata daga rana da maganin sauro da turare duk a ciki suke ƙarewa. Ka shafa manka bayan ka fito. Mata masu son suturta jiki su taho da kayan iyo masu rufe jiki na yadi marar nauyi, domin doguwar riga ta atamfa ko abaya in ta sha ruwa nauyi take yi, ta nannaɗe ƙafa. A taho da tawul, da kayan canji, da leda ta zuba jiƙaƙƙun kaya, da tsabar peso, kuɗin Meziko, ta hayar akwatin ajiya.

Abincin rana shi ne inda Musulmi ke yin tuntuɓe. Fitattun girke-girken Yucatán na alade ne: cochinita pibil, poc chuc, lomitos, da longaniza ta Valladolid. Waɗannan a fili suke. Wanda ke ɓoye shi ne kitsen alade, manteca, da ake soya wake da shi, wani lokaci har a kwaɓin masara. Ganin wake da shinkafa a faranti bai isa ba, ka tambaya: "¿Tiene puerco? ¿Tiene manteca?" Wato: akwai alade a ciki? Akwai kitsensa? Kifi gasasshe irin na tikin xic, da papadzules na dafaffen ƙwai da miyar 'ya'yan kabewa, da 'ya'yan itace, sun fi kwanciyar rai. "Ɗanɗano kyauta" da ake miƙo wa baƙi a ƙananan kofuna yawanci barasar tequila ce ko xtabentún, barasar zuma ta yankin. Jan abin shan da ke cikin tulun gilashi kuwa, agua de jamaica, zobo ne tsantsa, kuma Meziko na cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon da ake fitarwa daga Kano da Jigawa. Salla ma a tsara ta tun da safe, jadawalin mota bai san da ita ba. Wurin cenote ne ya fi sauƙin alwala da samun gefe. Alƙibla daga can arewa maso gabas take.

Abin da ake kira "al'adun gargajiya" a takardar talla shi ne kashin da aka fi yi wa ƙwange, kuma baƙi na taimakawa da nasu kuskuren: ɗaukar mutanen Maya a matsayin al'ummar da ta shuɗe. Birnin Chichén Itzá ne ya yi tashe ya faɗi, mutanen suna nan. Fiye da mutum 700,000 ke magana da harshen Maya na Yucatán, mai yiwuwa har da direbanku da matar da ke gasa gurasar masara a wurin cin abinci. Ba Aztec ba ne, waɗancan na tsakiyar Meziko ne, kada ka haɗa su. Dattijuwar da ke sanye da farar riga huipil mai surfanin furanni kayanta na yau da kullum ta sa, ka nemi izini kafin ka ɗora mata kyamara. Masu talla a cikin kufai za su yi ta kiran "dala ɗaya", wato dalar Amurka, suna busa usur mai gurnanin damisa. Dala ɗayar ta ƙaramin abu ce, ba ta abin da ke hannunsa ba. Ciniki halas ne a can, ka taya. Sai dai ka bambance kayan roba na masana'anta da sassaƙen itace ko ɗinkin hannu da ya ci wa mace makonni, kada ka yi wa na biyun tayin wulaƙanci. Tukuicin jagora da direba ma al'ada ce, ka ware shi da peso.

Valladolid ce ke shan kashi a ƙarshe: minti 20 ko 30 a dandalin tsakiyar gari, hoto gaban majami'ar San Servacio, a koma mota. Garin da aka kafa a 1543, aka dawo da shi kan tsohon garin Maya na Zací a 1545, wanda kuma ya ga tashin hankalin boren mutanen Maya da ya ɓarke a 1847, ya fi ƙarfin haka. In mintocinka kaɗan ne, ka sayi marquesita, siririyar waina da ake naɗewa, a dandali ka zauna, don titin Calzada de los Frailes da tsohon gidan ibada na San Bernardino da ke ƙarshensa ba za su yiwu a guje ba. In kuwa kana da sararin kwana ɗaya, ka juya tsarin gaba ɗaya: ka kwana a Valladolid, wadda ke da nisan kusan kilomita 45 daga kufan, ka isa ƙofa ƙarfe takwas, ka fito lokacin da bas-bas ke shigowa. Cenote Zací na cikin garin, X'kekén da Samulá na ƙauyen Dzitnup kusa da shi, kufan Ek Balam mai ƙarancin cunkoso na arewa da garin tafiyar rabin awa. Jirgin ƙasa na Tren Maya da ya fara aiki a Disamban 2023 yana tsayawa a Valladolid da Chichén Itzá, amma tashoshin na wajen gari, ka lissafa da motar da za ta ƙarasa da kai.