Yadda Ake Sa Ɗalibi Ya Koyi Harshe da Kansa a Ɗakin Karatun Cibiya

Tun ranar farko yawancin ɗalibai ke lalacewa. A cibiyoyin koyon harshe na Garwa da Marwa a arewacin Kamaru, sai a nuna wa sabon ɗalibi kantar littattafai a ce masa “Allah ya taimaka”. Ya zaro littafin nahawu mafi kauri, ya kwafe shafi biyu na sarrafa fi'ili, bayan mako biyu ka neme shi ka rasa.

Saboda haka, kai mai kula da ɗakin karatu, kada ka bari ya taɓa littafi tukuna. Zaunar da shi ka tambaye shi me zai yi da harshen. Zai ce “ina son in iya Faransanci”. Kada ka karɓi wannan amsa, ka matsa masa. Takardar kwastan yake so ya karanta da kansa? Jarrabawar DELF ce ta shaidar iya Faransanci, kuma wane mataki tsakanin A1 na farko da B2 na sama? Ko aiki aka tura shi Bamenda, yankin masu Ingilishi, yana neman harshen? Abin da ya faɗa, shi zai rubuta da hannunsa a shafin farko na littafin rubutunsa, tare da abin da zai cim ma cikin mako huɗu. Idan ya ce ba ya iyawa sai da malami, tambaye shi wa ya koya masa Fulatancin da yake ciniki da shi a kasuwa.

Sai kayan karatu, guda ɗaya tak. Mai Faransanci ya riƙe shirin labarai na Journal en français facile na RFI, minti 10 ne kuma ana samun rubutunsa. Mai Ingilishi ya riƙe VOA Learning English, a hankali suke magana. Ya saurara ba takarda, ya sake da takarda, sannan ya ɗauki muryarsa a waya ya kwatanta. Ku sauke shirye-shiryen a katin waya lokacin da akwai intanet. Data na cin kuɗi, ga ɗauke wuta a zafin Maris da Afrilu.

In ya tambaye ka ma'anar kalma, miƙa masa ƙamus. Zai ɓata rai, ƙyale shi.

Sauran ba wuya. Kullum ya rubuta kwanan wata da abin da ya yi, layi biyu. Haɗa shi da abokin hira ɗan matakinsa. Duk mako biyu ku duba littafin tare na minti biyar, shi zai faɗi abin da zai yi gaba.