Sabunta bizar aiki a Ingila: kar ka zauna jiran manaja ya tuna da kai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Cikin wata biyun nan mutum huɗu suka same ni bayan sallar Juma'a a nan Bamingam da magana iri ɗaya, biza saura sati uku ko huɗu ta mutu, kamfani bai ba da CoS ba, wato shaidar ɗaukar nauyin ma'aikaci, kuma dukkansu da na tambaye su yaushe suka fara yi wa manaja magana sai su sunkuyar da kai. Wallahi raina ya ɓaci, don ramin da na faɗa ne a 2025 kuma na yi ta faɗa a duk inda muka haɗu amma kamar ba a ji.

Sauran abubuwan zaman ƙasar nan ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Buɗe asusun banki, rajista da likitan unguwa, lambar inshorar aiki, inda ake samun naman halal da garin tuwo, duk wannan cikin sati biyu 'yan uwa za su nuna maka, kuma a nan kam Alhamdulillah mutanenmu ba su da na biyu, ban taɓa ganin Bahaushe ya sauka ya kwana a tasha ba, ko daga Kano yake ko Maraɗi ko zangon Kumasi. Amma takarda ba a yi wa mutum ita da zumunci.

Ni na zo a watan Oktoba 2022 da bizar aikin kula da tsofaffi ta shekara uku, daga baya maiɗakina da yara biyu suka biyo ni. Abin da ban gane ba sai da wuri ya kusa ƙurewa shi ne sabuntawa ba ci gaban tsohuwar takarda ba ce, dole kamfani ya sake fitar maka da sabuwar CoS, wato shaidar ɗaukar nauyi, lamba ce kawai a kwamfuta amma in babu ita ko fom ba za ka iya kammalawa ba. Kuma kowane kamfani akwai adadin CoS da Home Office, wato ma'aikatar cikin gida, ta ware masa a shekara, in ya ƙare sai ya nemi ƙari, neman ƙarin nan kuma yana iya kai sati 18 in ba a biya kuɗin gaggawa ba. Sati 18 fa, sama da wata huɗu.

A watan Agusta na fara yi wa manajarmu magana, a tsaye a bakin kicin, ta ce kar in damu za a yi. Na yi shiru sati uku don ina jin nauyin in sake tambaya, ka san yadda aka rene mu, wanda ya ba ka aiki ba ka matsa masa, ka tambaya sau ɗaya ka bar wa Allah. Sai tsakiyar Satumba na gano adadinsu ya ƙare tun bazara kuma ba wanda ya nemi ƙari. Ba zan manta daren nan ba, ina aikin kwana, na gama juya wani dattijo a gado na shiga banɗaki na zauna ina lissafin makarantar yara da hayar gida da abin da zan ce wa mahaifiyata in muka koma haka nan. Saura kwana 11 biza ta mutu CoS ta fito. Na rame a watan nan har abokan aiki suna tambaya ko ba ni da lafiya.

Don haka dan Allah, saura wata shida ka rubuta imel, ba maganar baki ba, ka tambaya ƙarara: za ku sabunta min, kuma kuna da CoS a hannu ko sai an nema? Su a nan ba sa ɗaukar wannan rashin kunya, shirun da kake yi ma shi suke ɗauka ba ka da matsala. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In sati biyu ya wuce ba amsa ka sake turawa. Kuma ka riƙa leƙa jerin kamfanonin da ke da lasisi a shafin gwamnati na gov.uk, kyauta ne, ka ga ko sunan naku yana nan, don gwamnati da kanta ta ce daga Yuli 2022 zuwa Disamba 2024 ta soke lasisin kamfanonin kula da mutane sama da 470. In aka soke na kamfaninku yawanci kwana 60 ake ba ka, ko abin da ya rage a bizarka in bai kai haka ba, ka samu wani mai ɗaukar nauyi ko ka bar ƙasar.

Sai maganar albashi, nan ma ana yanka mutanenmu. Daga 9 ga Afrilu 2025 sabuwar CoS ta mai aikin kula da mutane ba ta yin ƙasa da fam 25,000 a shekara, ko fam 12.82 a awa. Masu sauran ayyuka nasu ya fi haka nesa, ma'aunin gama-gari ya koma fam 41,700 daga 22 ga Yuli 2025, sai dai waɗanda suka shigo kafin Afrilu 2024 akwai rangwame a kansu. Ka ɗauko takardun albashinka na wata-wata ka gwada da abin da aka rubuta a tsohuwar CoS. In an rubuta awa 39 ana ba ka 20 kai kuma kana cikewa da wani aikin a gefe kana ganin ai kuɗi na shigowa, to ka sani akwai matsala a ƙasa, aikin gefe ma awa 20 ne iyakarsa a sati kuma ba kowane iri aka yarda da shi ba.

Wanda ya ce ka kawo fam dubu kaza ya samo maka CoS, ka guje shi ko da a sahu ɗaya kuke sallah. Kuɗin CoS kamfani ke biya, doka ta hana a ɗora wa ma'aikaci. Na san wata baiwar Allah da ta sa aka sayar da filinta a gida ta ba wani dillali, har yau ba CoS ba kuɗi. In shawara kake so ka nemi lauya ko wanda ke da rajista da hukumar IAA mai sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, wadda a da ake kira OISC.

Da CoS ta fito wata uku gare ka ka yi amfani da ita, amma kai ba wata ukun za ka duba ba, ranar mutuwar bizarka za ka duba. In ka tura fom ka biya kafin ranar, ko da kwana ɗaya ne, sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971 ya rufe ka, za ka ci gaba da zama da aiki har a yanke hukunci, yawanci cikin sati takwas, bizar masu aikin lafiya da kula da mutane kuma sati uku. In ka bari ta wuce kuwa ka zama wanda ya zarce wa'adi, aiki ya haramta gare ka, shekarun da ka tara suna cikin haɗari. Kuma ranar mutuwar bizar ka duba ta a asusunka na UKVI, wato hukumar biza, tunda katin zama na BRP ya daina aiki a ƙarshen 2024 an koma eVisa, bizar da ke kan intanet, har yanzu ina ganin masu yawo da tsohon kati a walat ba su ma buɗe asusun ba.

Abu biyu da ake yawan mantawa. Bizar matarka da yaranka ba ta sabunta kanta don taka ta fito, kowa da nasa fom da nasa kuɗi, har jaririn da aka haifa a nan in ana so ya fita ya dawo. Mu huɗu fam 304 kowanne muka biya, fam 1,216 kenan, kuma mu masu aikin kula da mutane an ɗauke mana kuɗin lafiya na IHS, wanda ke kan bizar ƙwararru ta gama-gari shi fam 1,035 ne duk shekara a kan kowane babba, sai a fara adashe da wuri. Na biyu, muddin fom ɗinka na hannun Home Office kar ka fita ƙasar, ba Umra ba bikin ƙanwa ba hutun sallah, kana fita an ɗauka ka janye. Wani ƙaninmu har ya yanki tikitin Abuja muka taru muka hana shi, ya yi fushi da mu kwana biyu, yanzu bizarsa na hannunsa.

Masu aikin kula da mutane ku sani an rufe ɗauko sababbi daga waje tun 22 ga Yuli 2025, mu da ke ciki an bar mana ƙofar sabuntawa da canjin kamfani zuwa Yuli 2028. Sannan gwamnati ta fito da shirin mayar da zaman dindindin daga shekara biyar zuwa goma, don haka duk abin da na rubuta nan ka sake tabbatar da shi a gov.uk ranar da za ka cike fom, dokokin nan suna canzawa kusan duk shekara. Ka kuma riƙa rubuta kwanakin da ka yi a waje, kar su haura 180 cikin kowane wata 12, za a tambaye ka su ranar neman zaman dindindin.

Wanda bizarsa ta rage ƙasa da wata shida ya zo da wayarsa da takardun albashin wata uku ranar Juma'a, bayan an idar mu zauna mu rubuta imel ɗin tare.