Ke da za ki tahi au pair Jamus, ga yadda ake zaman

Tun da maganar au pair ɗin nan ta shigo Sakkwato 'yan mata ke ta tambaya, musamman waɗanda sunka gama Danfodiyo ko kwalejin Shehu Shagari suna zaune gida ba aiki, kuma kusan kowa tambayarta ɗaya, ya ake samun biza. To biza wahalarta ta 'yan watanni ce ƙanwata, zaman shi ne aikin. Tsarin dai shi ne ki zauna gidan wasu iyali a ƙasar waje ki taya su kula da ɗiyansu da ɗan aikin gida mara nauyi, su kuma su ba ki ɗaki da abinci da kuɗin kashewa, ki koyi harshensu. Maza ma suna yi, amma mata sun fi yawa nesa ba kusa ba. Jamus zan fi tsayawa a kai. Norway ta rufe nata tsarin a 2024, Ingila kuma tun da ta fita Tarayyar Turai ba ta da bizar au pair, duk wanda ya ce zai kai ki can da wanga suna ki riƙe kuɗinki. Mai Faransanci, irin 'yan uwanmu na wajen Ƙonni, ta duba Faransa, can awa 25 ne a sati.

Ki haddace dokar kamar yadda kinka haddace lambar wayarki. Shekara 18 zuwa 26, wato kada ki cika 27 kafin ki nemi biza. Jamusanci matakin A1, wato matakin farko, jarrabawar Goethe-Institut da ke Legas ita aka fi sani. Zama daga wata 6 zuwa shekara 1. Aiki awa 30 a sati, kada ya wuce awa 6 a rana, kuma zaman jiran yara da dare in iyayen sun fita shi ma cikin lissafi yake. Kuɗin kashewa yuro 280 a wata, da ƙarin yuro 70 a wata na makarantar koyon harshe, inshorar lahiya su za su biya, ɗakinki naki ke kaɗai mai makulli, hutun kwana ɗaya da rabi a sati, da hutun sati 4 in kin yi shekara cikakkiya. Duk wannan ya shiga kwantiragi a rubuce, ku sa hannu ke da su. Kuɗin jirgi galibi ke za ki biya. Wanda kuwa ya ce shi ne mai gidan amma ki turo mishi kuɗi don ya “buɗe miki fayil”, ko ejan da ya ce ki ba shi fasfonki ya riƙe, wannan ba gida ba ne, tarko ne, kuma saboda irin su aka kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Mu an tashe mu da kara da kawaici, a ba ki abin da ba ki so ki ce Allah amfana, a sa ki aikin da ya fi ƙarfinki ki yi shiru ki jira babba ya lura da kanshi, kuma a gida babban yana lura ɗin, shi ya sa abin ke tahiya daidai. Bajamushe ba ya lura. Ba mugunta ba ce, shi a wajenshi in kin yi shiru kin yarda ne, in an ce kina son ƙari kinka ce a'a don kunya to an ɗauke kwanon kenan ba wanda zai ƙara tayi, ki kwana da yunwa ke da Allahnki. Haka in matar gidan ta ce ko za ki iya tsayawa da yara ran Asabar kinka sunkuyar da kai kinka ce to, ita ta rubuta a kalandar da ke manne jikin firji cewa Asabar taki ce, sati mai zuwa ma haka, kafin ki farga awa 30 ta zama 45 kina kuka a ɗaki ita kuma tana ba ƙawayenta labarin ta yi dace da yarinya mai son aiki. Ki koyi cewa a'a da fara'a. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta awannin da kinka yi kowace rana, kuma tun satin farko ki roƙi a ware lokaci, ko da minti 15 ne ran Lahadi da yamma, ku zauna ku duba satin da ke tahe. Su wannan ba rashin kunya ba ne a wajensu, shi sunka fi ganewa ma.

Kuma maganar tun kan ki bar gida take farawa, a kiran bidiyo da iyalin da za ki zauna wajensu. Ki hwaɗi musu kai tsaye kina salla sau biyar, kina sa hijabi, ba ki cin alade ba ki shan giya, za ki yi azumin wata guda. Ki tambaya ko akwai kare a gidan, in akwai wa ke fita da shi, yana shiga ɗakuna ko a'a, don gidaje da yawa kare ɗan gida ne yana hawa kujera. Ki tambaya ko za a buƙaci ki haɗa wa yara burodi da yankan naman alade na tahiya makaranta, ki yanke shawara tun nan ba sai kin tsaya gaban firji ba. Gidan da ya ji haka ya janye, alhamdulillahi, gara ya janye kina Mabera da ya janye kina ƙauyen da bas ke zuwa sau ɗaya a awa. Ka'idar tsarin ma ta ce a ba ki damar yin addininki. Ki sa Baba da Inna su gaisa da su a bidiyon, su ga ɗakin, su karɓi adireshi da lambar waya, kada ki kuskura ki yi tahiyar nan a ɓoye.

Kaya. Kilishi ba zai shiga ba, na san da ciwo, amma dokar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a jakar matafiyi, ko man shanu ne kwastan za su karɓe har su ci ki tara. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, daddawa a ɗaure ta sosai cikin leda biyu uku. Buta ƙarama ta roba ki cusa a akwati, za ki gode mani. Kada ki ɓata kuɗi kan rigunan sanyi na kasuwa nan, sanyin hunturu namu wasa ne, ki je da guda ɗaya mai kauri sauran ki saya can a shagon gwanjo.

Kina isa akwai takardu. Cikin sati biyu sai an yi rajistar adireshinki a ofishin gari, su suna ce mata Anmeldung, mai gida zai ba ki takardar shaidar kina zaune wajenshi. Daga nan ofishin baƙi don izinin zama kafin bizar ta ƙare, sai asusun banki. Fasfonki a hannunki yake kwana.

Yaran su ne wurin da tarbiyyarmu da tasu ke karo. Ba a dukan yaro a Jamus, doka ce tun shekarar 2000, ko iyayenshi ba su da iko, balle ke. Ba rankwashi, ba murɗe kunne, ba “bari in kira dodo”. Ɗan shekara huɗu zai kalle ki cikin ido ya ce nein, wato a'a, ya kwanta ƙasa a bakin titi yana shure-shure don kin sa mishi takalmin hagu kafin na dama, ke kuma jininki na tafasa kina tuna abin da Inna za ta yi da a gida ne. Ki durƙusa daidai tsayinshi, ki yi magana a hankali, ki ba shi zaɓi biyu, jar hula ko shuɗiya, in ya ƙi ki jira, da yamma ki tambayi uwar yadda suke yi ki bi nata salon. Hotonsu kada ki sa a status sai da izini. Lokaci kuwa ba wasa, in an ce ɗauko yaro daga Kita, wato makarantar renon yara, ƙarfe 3 to ƙarfe 3 ɗin ne, babu yanzu-yanzu ina hanya. In ba ki iya keke ba ki ari na ƙanenki ki koya tun yanzu. Su kuma manyan za su ce ki kira su da sunansu tsurarsa, bakinki zai yi nauyi, a hankali zai saba, kuma ba sai kin durƙusa wajen gaisuwa ba, ruɗewa suke yi.

Abinci zai ba ki mamaki, da dare gidaje da yawa burodi mai sanyi da cuku da yankan kokwamba ne shikenan, wajen ƙarfe 6. Ki nemi izinin dafa naki, ki gano shagon Turkawa don naman halal, da shagon 'yan Afirka don manja da garin masara, ko ki tuƙa tuwo da semolina. Ki koyi karanta bayan leda, Schwein shi ne alade, kuma alawar roba da yara ke ci yawanci da gelatin ɗin alade ake yin ta, wani kek ɗin ma da giya a ciki. Ran Lahadi shaguna a rufe suke. Shara kuma rabawa ake, takarda daban, roba daban, ragowar abinci daban, robar ruwa kuma kada ki yar, kuɗi ce, santi 25 ake maido miki a shago.

Banɗaki ƙaramin abu ne da ke haɗa faɗa. Ƙasan banɗakinsu busasshe ne, sau da yawa ba ramin da ruwa zai bi, har da ɗan kafet a shimfiɗe. Ki yi alwala cikin wurin wanka, ki aje tsumma ki goge duk inda ruwa ya fantsama.

Sai sanyi da duhu. Ke da kinka saba da ranar Afrilu ta Sakkwato da ke wuce digiri 40, a Disamba can ƙarfe 4 da 'yan mintuna magariba ta yi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna a guje, a bazara kuma magariba sai wajen 9 da rabi na dare, don haka ki sa manhajar lokutan salla a waya ki daidaita aikinki da ita. Riga kan riga ake sawa, safa mai kauri, man shafawa mai maiƙo don hita na busar da fata. Duhun nan yana taɓa zuciya, za ki ji kasala da kuka ba dalili, to maganin ba kulle kai a ɗaki kina kallon bikin ƙawaye a Instagram ba ne. Ki fita ko da zagayen unguwa ne da rana, ki je ajinki na Jamusanci a Volkshochschule, makarantar koyar da manya, kada ki yi fashi don nan ne za ki haɗu da wasu au pair ɗin, ki nemi masallaci mafi kusa, galibi na Turkawa ko Larabawa ne kuma akwai sashen mata. Kiran gida ba wuya, lokacin sanyi agogonmu ɗaya da su, a bazara sun riga mu da awa ɗaya.

Ki gaya wa 'yan gida gaskiyar kuɗin tun wuri, yuro 280 in an juya ta naira tana da kwarjini amma can kati ne da man shafawa da takalmin sanyi, ba kuɗin gina gida ba ne, kuma bizar au pair ba ta ba ki damar yin wani aiki a gefe.

In zaman ya ƙi, ana yawan ƙara miki awa, ko an hana ki makaranta, ko an mai da ke mai wanke gida gaba ɗaya, ki fara da magana da littafinki a hannu. In bai gyaru ba kwantiragi na da wa'adin sati biyu na rabuwa, kuma ana canza gida, sai dai ki sanar da hukumar da ta haɗa ku da ofishin baƙi, kada ki tattara kaya ki ɓace. In mai gida ya fara wasan banza ko anka taɓa lahiyarki babu jiran wa'adi, 110 'yan sanda, 112 motar asibiti.

Wajen wata na shida ki fara tunanin gaba, don au pair a Jamus sau ɗaya ake yi ba a sabuntawa. Masu son ci gaba da zama suna neman aikin sa-kai na shekara guda da ake kira FSJ, ko koyon sana'a na Ausbildung kamar jinya, kuma yawancin wuraren Jamusanci matakin B1 ko B2, da ke gaba da A1, suke nema, don haka ki yi rajistar jarrabawar da wuri, ki sa a turo miki takardun WAEC da na jami'a a fassara su kafin izinin zamanki ya kusa ƙarewa.